Waiwaye: Yadda farashin abinci ya ci Tarayyar Sobiyet tun kafin 1991

Tun da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022 aka sake tayar da tsohuwar muhawara kan abin da ya rusa Tarayyar Sobiyet. Wasu na cewa makircin ƙasashen Yamma ne, wasu kuma na cewa cin amana ne daga cikin gida, kuma duka ɓangarorin suna magana kamar ƙasar ta kwana lafiya ne ta wayi gari a wargaje.

Farkon labarin sananne ne. An yi juyin juya hali a 1917, aka kafa tarayyar a 1922, aka tattara gonakin manoma ƙarƙashin gandayen haɗaka, sannan yunwar 1932 zuwa 1933 ta hallaka miliyoyin mutane.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru a garin Novocherkassk, a kudancin Rasha. Ranar 1 ga Yuni, 1962, aka ƙara kuɗin nama da kusan kashi 30 cikin ɗari, man shanu da kashi 25, a daidai lokacin da aka rage wa ma'aikatan masana'antar ƙera kawunan jiragen ƙasa ladan aikinsu. Suka shiga yajin aiki, washegari aka buɗe musu wuta, mutane fiye da 20 suka mutu, kuma aka rufe maganar har ƙarshen shekarun 1980. Daga nan taɓa farashin abinci ya zama abin tsoro. Kusan shekaru 30 farashin nama da burodi a shagunan gwamnati bai motsa ba, alhali kuɗin noma yana ta hauhawa, baitulmali yana cike giɓin. Burodi ya yi arha har mutanen ƙauye suna ciyar da dabbobinsu da shi, nama kuwa ya ɓace daga kantuna, mazauna garuruwan da ke kewaye da Mosko suna hawa jirgin ƙasa zuwa can don kawai su samo na miya.

Lokacin da fari ya lalata amfanin gona a 1963, ƙasar da a zamanin sarakuna take sayar wa Turai hatsi sai ga ta tana sayar da zinari tana sayo alkama daga Kanada. A 1972 ta sayi mai ɗimbin yawa daga Amurka, abokiyar gabarta. Man fetur ɗin da aka gano a yammacin Saiberiya, da tashin farashinsa bayan 1973, su suka riƙa biyan wannan cefane, kuma ina ganin su suka sa gyaran harkar noma ya zama abin da za a iya ɗagawa zuwa baɗi.

A 1986 farashin gangar mai ya faɗi da fiye da rabi. Aka koma cin bashi daga bankunan Yamma, aka fara rabon sukari da kati, jamhuriyoyin da ke cikin tarayyar kuma suka fara riƙe abin da suka noma maimakon aika shi ga gwamnatin tsakiya. Sai a Afrilun 1991 aka yi babban ƙarin farashin da aka daɗe ana gudu, wata takwas kafin jamhuriyoyi 15 su kama gabansu.