Mai keke a tsakiyar titi ba taurin kai yake yi ba

An daɗe ana cewa mai keken da ya bar bakin titi ya shigo tsakiya dab da mahaɗa neman rigima yake. Galibi ba haka ba ne. Keke ba shi da sigina, inda ya ajiye kansa a titi shi ne bakinsa.

In ya lafe a gefen dama, direba mai shan kwanar dama yakan ɗauka tare za su juya, sai ya yanke masa gaba, wani lokaci ma madubi bai nuna shi ba. Shigowarsa tsakiya cewa yake: miƙewa zan yi, dakata a bayana. In ya matsa hagu yana waiwaye, hagu ya nufa.

Tsaya minti 10 wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ka gani da idonka. Don Allah a tura wa direbobi.