Daga Ɗalibai Goma Zuwa Jami'a: Yadda Sassan Karatu Suka Bunƙasa a Kwalejin Abdullahi Bayero

Mai wucewa ta titin Gwarzo a Kano yau, ya ga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da sabon, da wuya ya yarda cewa wannan duk daga 'yar ƙaramar kwaleji ya taso. Tarihinta na nuna yadda sashen karatu ke tsirowa ya girma, da abin da ke riƙe shi.

Wai da gaske 'yar ƙaramar kwaleji ce asalinta?

Ƙwarai kuwa. A 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a cikin harabar Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birnin Kano, wadda aka fi sani da SAS. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, don tunawa da marigayi Sarkin Kano. A 1964 ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri, su goma kacal, kuma a lokacin ba ta da mazaunin kanta, a tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano take zaman aro. Digirin ma na Zariya ne, domin ita reshe ce kawai.

Me ake koyarwa a lokacin?

Larabci da nazarin addinin Musulunci su ne ginshiƙi, sai fannoni irin su tarihi da harsuna suka biyo baya. Wannan ba haka kawai ya faru ba. Kano tana da malaman zaure da ɗaliban ilimi tun ƙarnoni, ita kuma SAS tun zamanin da take makarantar horar da alƙalai a 1934 take da malamai daga Sudan. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da shahararren malamin Larabci ɗan Sudan, Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib, ya shugabanci kwalejin a farkon tafiyarta. Kwalejin ta fara ne da abin da garin yake da shi a hannu: malamai, littattafai da ɗaliban da suka riga suka yi nisa.

To, yaya ake haifar sabon sashe?

Galibi ba daga sama yake faɗowa ba. Yakan fara ne a matsayin darasi ɗaya ko biyu a cikin wani tsohon sashe. Malami ya je ƙaro karatu ya dawo da digirin digirgir a wani fanni, ya fara koyar da shi, ɗalibai su yi ta rububi, a ƙaro masa abokan aiki biyu ko uku. A nan sai a ce musu "rukuni". In rukunin ya yi ƙarfi, sai su rubuta takardar neman zama sashe mai cin gashin kansa: ga manhaja, ga sunayen malamai da matakinsu, ga ajujuwa, ga littattafan da ke laburare. Takardar ta bi ta hukumar tsangaya, ta wuce kwamitin tsare-tsaren karatu, ta isa majalisar malaman jami'a.

A yau bayan wannan akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya a sabon kwas, jami'anta kan zo su duba da idonsu ko kayan da aka rubuta suna nan, daga baya kuma su dawo tantancewa. Wasu fannonin suna da ƙarin masu sa ido: injiniyanci yana da COREN, wato majalisar kula da aikin injiniya ta ƙasa, likitanci yana da majalisar likitoci, shari'a tana da Majalisar Ilimin Shari'a, kuma na likitanci da na shari'a har adadin ɗaliban da za a ɗauka sukan ƙayyade.

Me ya sa abin ya yi sauri bayan 1975?

Kuɗin mai da siyasar tarayya. A shekarar gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai: Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Kwalejin Kano ta samu majalisar gudanarwarta, a 1977 kuma ta zama cikakkiyar jami'a, da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugabanta na farko. Jami'a kuwa ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Aka shiga kafa tsangayoyin ilimi, kimiyya, shari'a, fasaha, da kimiyyar zamantakewa da gudanarwa, wadda Ba'amurken nan John Paden ya fara shugabanta. Likitanci ya zo daga baya, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Akwai sashen da ya girma har ya zama tsangaya?

Akwai. Sashen koyon aikin jarida ya daɗe yana zaune a matsayin sashe guda, yana yaye 'yan jaridun da muke ji a gidajen rediyo. Da fannin ya faɗaɗa, sai ya zama Tsangayar Sadarwa mai sassanta.

Hausa fa, ina ta tsaya a wannan tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni. Tun 1969, kwalejin tana ƙarama, aka kafa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya. Ba ɗakin gwaje-gwaje mai tsada ta nema ba, mutane masu haƙuri ta samu, waɗanda suka zauna kan nahawu, ƙa'idojin rubutu, waƙa da tattara kalmomi. Daga nan mujallar Harsunan Nijeriya ta fito, daga nan kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, ƙamus na Hausa zalla, ana fassara Hausa da Hausa. Aikin shekaru da yawa ne, kuma malaman da suka fara shi sun horar da waɗanda suka ƙarasa.

Ke nan yawan sassa shi ne ci gaba?

A ganina a'a. Ana iya raba sashe ɗaya gida uku a rana guda, a buga alluna uku, a naɗa shugabanni uku, alhali malaman su ne dai waɗanda ake da su tun farko. Sai ka ga mutum ɗaya yana koyar da darussa shida, ga duba kundin ɗalibai arba'in, bincike kuwa sai dai a ji a salansa. Wani lokacin ma ba fanni ne ya girma ba, rashin jituwa ce tsakanin manya, ko neman kujera. Kuma kowa a harkar ya san maganar aron malamai da littattafai daga maƙwabta idan masu tantancewa za su zo, a mayar bayan sun tafi. Ɗalibi ne ke kwana a ciki.

Idan ƙaramar kwaleji na son buɗe sabon sashe, abin da zan fara tambaya shi ne: malamai nawa ne nata na dindindin a fannin, nawa ne suka kai matakin babban lakcara, kuma su wa ta tura ƙaro karatu da za su dawo nan da shekara uku.