Me ya sa wasu ɗaliban jinya ke gama makaranta hannunsu bai faɗa ba? Tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan sakamakon konkur na shiga makarantun jinya ya fito, iyaye da ɗalibai a nan Garwa ta Kamaru sukan tare ni da tambayoyi, don sun san na daɗe ina karɓar ɗaliban da ake turowa sitaj, wato koyon aiki, a ɗakin haihuwa. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa da abin da masu bincike suka gano da abin da idona ya gani.

Shekara uku ana karatu, me ke hana wasu iya aiki?

Sanin abu a ka daban, iya shi da hannu daban. A 1990 wani malamin likitoci a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewa mataki huɗu: ɗalibi ya san abu, ya san yadda ake yin sa, ya nuna a gaban malami, sannan ya yi shi a kan majinyaci na gaske. Jarrabawar takarda matakai biyun farko kawai take iya aunawa.

Akwai wata ɗaliba da ba na mantawa. Da rana ta zayyano mini matakan farfaɗo da jariri da Faransanci, tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Da dare aka haifi yaro bai yi kuka ba. Muka goge shi, muka murza bayansa, shiru. Ta ɗauko jakar hura numfashi ta kifa masa, tana matsawa, ƙirjinsa ko motsi, saboda iskar ta gefen kumatu take fita. Majo, shugabar ma'aikatan ɗakin, ta sa hannu ta ɗan ɗaga haɓarsa, ta danne marufin da yatsu biyu, sai ga ƙirji yana tashi. Da yaron ya tsanyara kuka, ɗalibar ta koma gefe hannunta na rawa. Na tambaye ta sau nawa ta taɓa riƙe jakar nan. Ta ce a hoto kawai ta san ta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Koyo a kan mutum-mutumi yana iya maye gurbin majinyaci?

Wani ɓangare, i. Bincike mafi girma a kan wannan an buga shi a Amurka a 2014, ƙarƙashin ƙungiyar hukumomin da ke ba ma'aikatan jinya lasisi. An bi ɗalibai a makarantu 10, su 666 suka kai ƙarshe. Wasu sun yi sitaj yadda aka saba, wasu aka mayar da kashi 25 cikin ɗari na lokacin zuwa ɗakin gwaji, wasu kashi 50. Ba a sami bambancin a zo a gani ba a iliminsu, ko cin jarrabawar lasisi, ko aikinsu a watanni shidan farko.

Sai dai kada wata makaranta ta fake da wannan ta rage wa ɗalibai zuwa asibiti. A binciken nan malaman an horar da su musamman, kuma bayan kowane gwaji akan zauna a warware abin da ya faru: me kika gani, me ya sa kika yi haka, me za ki canja? A wannan zaman ne yawancin koyon yake shiga. 'Yar tsana a cikin kabad mai makulli, da ake fitowa da ita ranar da baƙi suka zo, ba ta koyar da kowa.

Mu da ba mu da kuɗin irin kayansu fa?

Amsar tana Tanzaniya. A can aka gwada shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsara da abokan aikinta. Kayan koyarwar 'yar tsana ce ta roba da ake cika ta da ruwa ta yi nauyin jariri, sai jakar hura iska da abin zuƙe majina. Ba ruwanta da wutar lantarki. Darasin guda ne: jaririn da bai yi numfashi ba a fara hura masa iska cikin minti ɗaya da haihuwa. A asibitoci 8, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari, kamar yadda aka buga a 2013.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne na asibitin Haydom, a karkarar ƙasar. Bayan horon yini ɗaya, ma'aikata sun fi iyawa a kan 'yar tsana, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai canja ba. Sai aka ajiye 'yar tsanar a inda suke aiki, kowa yana maimaitawa na 'yan mintoci a kai a kai. Daga nan ne mace-macen suka ragu. Mu nan mun saba da taron ƙara wa juna sani na kwana uku a otal, a raba takardar shaida, a watse. Minti biyar kafin karɓar aiki, kowane mako, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ko sisi ba ya ci.

Mece ce jarrabawar ECOS da ɗalibai ke tsoro?

Jarrabawar aiki da hannu ce, Turawan Ingila suna ce mata OSCE. Ronald Harden da abokan aikinsa a birnin Dundee na Sikotilan suka bayyana ta a 1975. Ana jera tashoshi, ɗalibi ya yi 'yan mintoci a kowace, a kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba. Nan ya auna hawan jini, can ya sa ƙarin ruwa a hannun roba, gaba ya lissafa maganin yaro bisa nauyinsa. Mai dubawa na riƙe da takardar da aka jera abin da ya kamata a yi.

Adalcinta shi ne kowa aiki ɗaya yake fuskanta. A tsohon tsari wani ya dace da majinyaci mai haƙuri da malami mai sauƙin kai, wani ya faɗa hannun akasin haka. Tana da nata rauni: tana cin malamai da yawa, kuma ɗalibi mai wayo kan haddace takardar ya yi ta cika sharuɗɗa bai ko dubi fuskar majinyaci ba.

Da za a ji tawa, sai a ƙara tasha ɗaya a makarantunmu na Garwa, Marwa da Ngaundere. A zaunar da uwa wadda ba ta jin Faransanci, a ce ɗalibi ya bayyana mata da Fulatanci ko Hausa yadda za ta zuba ƙunshin gishiri da sukari guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da yadda za ta ba yaro ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Sannan ita ta maimaita. Da Faransanci ake karatu, amma uwar da ta taho daga ƙauye da goyo ba da shi za ta fahimta ba, ga shi yankinmu ya san kwalara, musamman wadda ta yi ɓarna a Arewa Mai Nisa a 2010.

To hadda ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi, in an yi ta daidai. A 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa waɗanda suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karatu riƙewa bayan mako guda. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: sai an kifa allo an kawo hadda ake sanin abin da ya zauna. Ku kifa littafin, ku yi wa juna tambaya.

Majinyaci yana ganin bambancin?

Yana gani. Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 300 a ƙasashen Turai 9, aka buga a 2014. Duk inda masu digirin jinya suka ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 bayan kwantar da majinyacin tiyata ya ragu da kashi 7. Duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas kuma, haɗarin ya hau da kashi 7. Alƙaluman na Turai ne, amma wanda ya taɓa kwana shi kaɗai da ɗaki cike a lokacin zazzaɓin damina ya san na biyun a jikinsa.

Me zan duba kafin in biya wa 'yata kuɗin makaranta?

Alhaji, fara da takardar izinin Ma'aikatar Lafiya, ka gan ta da idonka. Daga nan ka ce a buɗe maka ɗakin gwaji, ka duba ko kayan sun sha hannu ko ƙura ce a kansu. Ka tambayi wane asibiti suke zuwa sitaj, ɗalibai nawa ke bin mai kula ɗaya, kuma wa ke sa hannu a littafin sitaj: wanda ya tsaya ya ga aikin, ko wanda aka kai wa littattafai a ƙarshen wata. In ka sami 'yar aji uku a bakin ƙofa, tambaye ta sau nawa ta riƙe jakar hura numfashi kafin a tura ta ɗakin haihuwa.