Waiwaye: Gawar da mai zane bai tambayi addininta ba

A 1810 wani mai zane ɗan Sifaniya, Francisco Goya, ya fara zana abin da yaƙin ƙasarsa da sojojin Napoliyon ya jawo. Shekara goma yana yi, har zanen ya kai 82, kuma ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa. Abin da ya fi kama ni a aikinsa shi ne bai ɗaga wa 'yan ƙasarsa ƙafa ba. Ga sojan Faransa yana rataye baƙauye, ga baƙauye ya ɗaga gatari a kan soja, ga yunwar Madrid tana cin kowa.

Bayan ƙarni guda da ɗoriya, Sifaniya ta afka wa kanta da yaƙin basasa. Ranar 26 ga Afrilun 1937 jiragen Jamus da Italiya, masu mara wa Janar Franco, jagoran 'yan tawaye, baya, suka yi wa garin Gernika ruwan bama-bamai. A shekarar Pablo Picasso ya zana garin da baƙi da fari da ruwan toka: uwa ta ɗaga kai sama riƙe da gawar ɗanta, doki yana kururuwa. An saƙa kwafin zanen, an rataye shi a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Fabrairun 2003, lokacin da Amurka ta kawo hujjarta ta yaƙin Iraƙi, an lulluɓe shi da shuɗin labule.

A nan gida ma an yi. Obiora Udechukwu ya fara karatun zane a Zariya, kashe-kashen 1966 suka kore shi zuwa Nsukka, ya yi ta zana fuskokin 'yan gudun hijira da na mayunwata na yaƙin basasa.

To mu fa a Jos? An yi rikici a Afrilun 1994, sai 7 ga Satumban 2001 da aka rasa rayuka kusan 1,000 cikin mako guda, sai Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sai Janairun 2010, sai ƙauyen Dogo Nahawa a watan Maris ɗin shekarar. An yi ta kafa kwamitin bincike: na Mai shari'a Fiberesima, na Niki Tobi, na Ajibola. Unguwanni kuwa suka rabu, aka koma "namu" da "nasu", kowane ɓangare yana lissafin mamatansa kaɗai. Ni ma na daɗe ina irin wannan lissafi, kuma zanen Goya ne ya sa na ji kunyarsa, domin a takardarsa gawa ba ta da katin ɗan ƙasa ko na baƙo.

Garinmu ba baƙon fasaha ba ne. Tun 1952 muke da gidan adana kayan tarihi, inda kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, suke kallon mai shigowa da idanunsu masu huji. Sun haura shekara 2,000. Daga can zuwa Taminus ba nisa, inda kangon babbar kasuwar da ta ƙone a Fabrairun 2002 ya yi shekaru a tsaye, ginshiƙansa baƙi ƙirin. A cikinta Bahaushe da Birom da Ibo da Bayerabe suka yi asara dare ɗaya. Ina fatan wata rana ɗalibin zane daga Unguwar Rogo, inda Musulmi suka fi yawa, da wani daga Tudun Wada, inda Kirista suka fi yawa, su zana wannan kasuwa a bango ɗaya.