Shari'ar Bakassi: abin da masana doka ke jayayya a kansa har yanzu

A ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci a rikicin iyaka tsakanin Kamaru da Najeriya, inda ta ce Bakassi, wani yankin bakin teku a kudancin iyakar, na Kamaru ne. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma ɗaliban dokar ƙasa da ƙasa na ci gaba da nazarinsa, jama'a kuma na ci gaba da tambaya.

Wace kotu ce wannan, kuma ta yaya Najeriya ta shiga gabanta?

Ita ce babbar kotun Majalisar Ɗinkin Duniya, mai alƙalai 15, kuma tsakanin ƙasa da ƙasa kaɗai take shari'a. Kada a haɗa ta da kotun manyan laifuka ta ICC, wadda ke gurfanar da ɗaiɗaikun mutane, ko da yake duk a gari ɗaya suke. Ba ta da ikon jawo ƙasa sai da yardarta. Najeriya ta ba da wannan yarda tun 1965, Kamaru ta ba da tata a farkon Maris 1994, kafin watan ya ƙare kuma ta shigar da ƙara. Najeriya ta yi ƙorafi cewa kotun ba ta da hurumi, aka yi watsi da mafi yawan ƙorafin a 1998.

Bakassi kaɗai aka yi shari'a a kai?

A'a, kuma wannan ne abin da mutanenmu na Arewa suka fi mantawa. An yi shari'a a kan iyakar baki ɗaya, kusan kilomita dubu biyu daga Tafkin Chadi har teku. Da tafkin ya ja baya bayan farin shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma daga Najeriya, ciki har da Hausawa da Barebari, suka bi ruwa suka kafa ƙauyuka irin su Darak. Hukumomin Borno suka bi su da haraji da 'yan sanda da makarantu. Kotu ta duba yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919 da musayar takardun 1931 tsakanin Ingila da Faransa, ta ce ƙasar ta Kamaru ce. A Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka kimanin talatin a wannan yanki, ba tare da hayaniyar da aka yi a kan Bakassi ba.

To wace hujja ce ta kayar da Najeriya a Bakassi?

Takarda ɗaya ce: yarjejeniyar 11 ga Maris 1913 tsakanin Ingila da Jamus, wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus, wato Kamaru ta yau.

Najeriya ba ta musanta takardar ba. Cewa ta yi Ingila ta ba da abin da ba nata ba. A ranar 10 ga Satumba 1884 Ingila ta ƙulla alkawari da sarakunan Tsohuwar Kalaba cewa za ta ba su kariya. Kariya kuwa ba mallaka ba ce. Wanda aka ba ajiya ba ya kyauta da kayan ajiya. Kotu ta amsa cewa a dokar wancan zamani, irin wannan alkawari da sarakunan Afirka hanya ce ta mallakar ƙasa, kuma Ingila ta riƙe yankin a matsayin nata, ba wanda ya tashi da sunan sarakunan ya ƙalubalance ta.

Hujja ta biyu da lauyoyin Najeriya suka kawo, cikinsu har da Ian Brownlie na Jami'ar Oxford, ita ce ta daɗewar zama: mazauna Bakassi 'yan Najeriya ne, yawancinsu Efik, Najeriya ce ke karɓar haraji, ita ke gina asibiti. Kotu ta bi ƙa'idar da ta kafa a shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986, cewa inda akwai takardar mallaka, gudanar da mulki a ƙasa ba ya shafe ta.

Ina masana suka rabu?

A kan alkawarin 1884. Alƙali Abdul Koroma na Saliyo ya ƙi yarda da hukuncin, haka ma Bola Ajibola, wanda Najeriya ta zaɓa ya zauna a shari'ar. Ra'ayin Koroma shi ne alkawari alkawari ne, ko da wa aka yi shi, kuma babu inda sarakunan Kalaba suka sa hannu cewa sun sallama ƙasarsu. Alƙali Awn Al-Khasawneh na Jodan ya goyi bayan sakamakon, amma ya soki yadda kotu ta ɗauki alkawarin da wasa.

A nan ni ina tare da masu suka. Turawa sun ɗauki sarakunan a matsayin masu ikon sa hannu lokacin da suke neman shiga ƙasa, daga baya kuma doka ta ce sa hannun bai ɗaure kowa ba sai su sarakunan. Wannan rashin adalci ne, kuma kotu ta sa masa hatimi a 2002. Masana da ke nazarin dokar ƙasa da ƙasa ta fuskar ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka suna yawan kawo wannan shari'a a matsayin misali.

Amma ɗaya ɓangaren ma na da magana mai nauyi. A taron Alƙahira na 1964 ƙasashen Afirka da kansu suka amince za su mutunta iyakokin da suka tarar ranar samun 'yanci. Idan aka buɗe ƙofar cewa kowa ya koma kan iyakar kakanninsa, ina za a tsaya? Daular Borno ta shiga Nijar da Chadi da Kamaru, Adamawa ta kai har Garwa da Ngaundere, ƙasar Hausa kuma iyaka ta raba Katsina da Maraɗi. Kotun da ta karɓi hujjar Kalaba sai ta shirya karɓar waɗannan duka.

Gaskiya ne Janar Gowon ya ba da Bakassi ladan taimakon Kamaru a yaƙin basasa?

Wannan magana ta yaɗu, amma hukuncin bai tsaya a kanta ba. Gowon da Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na lokacin, sun sa hannu a sanarwar Yawunde ta 1971 da ta Marwa ta 1975, waɗanda suka shata iyakar ruwa. Najeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da ta Marwa ba. Kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya isa ya ɗaure ƙasarsa a idon duniya. Sai dai tushen mallakar shi ne 1913. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ma, wadda aka yi a ɓangaren Kamaru da ke hannun Ingila, lokacin da Arewacin Kamaru ta zaɓi Najeriya ta zama Lardin Sardauna, Kudancin Kamaru kuma ta zaɓi Kamaru, an lissafa Bakassi ne cikin Kudancin Kamaru.

Ba a iya ɗaukaka ƙara ba?

Babu ɗaukaka ƙara a wannan kotu. Ana iya neman sake duba hukunci cikin shekara goma idan sabuwar hujja ta bayyana. Wa'adin ya ƙare a Oktoba 2012, gwamnatin Jonathan kuma ba ta nema ba.

Mutanen Bakassi fa?

Obasanjo da Paul Biya sun sa hannu a yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni 2006, da shiga tsakani na Kofi Annan, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008. Majalisar Dattawan Najeriya ta nuna rashin amincewa a 2007, tana kafa hujja da sashe na 12 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, amma hakan bai hana miƙawa ba. Kamaru ta yi alkawarin ba za ta kori kowa ko tilasta masa canza ƙasa ba, kuma za ta bar masunta su ci gaba da sana'arsu. Duk da haka dubbai sun ƙaura zuwa Jihar Kuros Riba, da yawansu suka shafe shekaru a sansanoni suna jiran matsuguni. Ba a taɓa tambayarsu ta hanyar ƙuri'a ba, domin a gaban Kotun Duniya ƙasashe biyu ne ke da bakin magana, masunta ba sa cikin masu ƙara.