Ma'anar "ginshiƙi mai ruwa a ciki" a dogayen gine-ginen ƙarfe

Idan injiniyoyi suka ce bene yana da ginshiƙi mai ruwa a ciki, suna nufin ginshiƙan da ke ɗauke da ginin bututun ƙarfe ne masu rami, an cika su da ruwa, an haɗa su da tanki a sama. Wannan daban yake da famfunan silin masu fesa ruwa idan gobara ta tashi. Ruwan nan ba ya fita ya kashe wuta. Aikinsa kawai ya hana ƙarfen yin zafin da zai sa ya lanƙwashe.

Mutane da yawa suna zaton ginin ƙarfe ba ya tsoron wuta. Gaskiya ne ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, amma tun a digiri 550 ya rasa kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa, a 600 kuwa fiye da rabi ya tafi. Duk mai walda a Panteka ya san yadda rodi ke laushi idan ya yi ja. A gwajin gobara na ƙa'ida, zafin ɗaki yana haura digiri 800 cikin rabin awa, kuma ƙarfen da ba a kare ba yakan fara gazawa cikin minti 15 zuwa 20.

Dabarar irin ta tukunya ce a kan murhu: muddin da ruwa a ciki gindinta ba ya ƙonewa, sai ruwan ya ƙafe. Zafin da ake buƙata a mayar da lita ɗaya tururi ya ninka kusan sau bakwai wanda ake buƙata a ɗumama ta daga digiri 25 zuwa tafasa. Idan wuta ta kama a hawa na biyar, ruwan da ke daidai wurin zai yi zafi ya haura sama, mai sanyi ya gangaro daga tanki ta bututun haɗi ya maye gurbinsa, ba tare da injin turawa ko lantarki ba. Tururi kuma ya fice ta bututun shaƙa da ke saman tanki. Haka ƙarfen zai tsaya nesa da digirin da ke karya shi.

Sanannen misali shi ne hasumiyar U.S. Steel a Pittsburgh ta Amurka, mai hawa 64 da tsayin mita 256. Ginshiƙanta 18 na waje duk cike suke da ruwa. Cibiyar Pompidou da aka buɗe a Faris a 1977 ma haka take.

Tsayi shi ke kawo matsala ta farko. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi na kusan kilo ɗaya a kan murabba'in santimita, don haka a gindin gini mai mita 256 matsin zai wuce kilo 25. Shi ya sa aka raba ginshiƙan Pittsburgh gida huɗu daga ƙasa zuwa sama, kowane kashi da ruwansa. Kowace gaɓar walda dole a gwada ta da matsin ruwa kafin a miƙa aiki, domin ɗan yoyon da ba a gani ba yana iya sauke ruwa a hankali, saman ginshiƙi ya zama fanko ba wanda ya sani.

A ƙasashen sanyi ana zuba sinadarin hana daskarewa. A Kaduna ba mu da wannan damuwa, namu su ne tsatsa, ƙafewar tanki a zafin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu ko sheƙar tsuntsu da ke toshe bututun shaƙa. Toshewar nan ce mafi haɗari, domin tururin da bai sami mafita ba yakan ture ruwa ya bar ƙarfe a bushe a tsakiyar wuta. Saboda haka sai an zuba maganin tsatsa, an sa bawul mai ƙwallo irin na tankin gida, da ma'aunin da ke nuna inda ruwa ya tsaya, sannan a riƙa dubawa a kai a kai.

A ganinmu, inda ruwan famfo ba shi da tabbas kuma ba a ware kuɗin kula da gini ba, bai kamata a dogara da wannan tsari ba. Gara fenti mai kumbura da zafi, ko allunan hana wuta, ko a lulluɓe ƙarfen da kankare. Ko a ginin da aka cika ginshiƙansa da ruwa, bim, wato ƙarfen kwance da ke ɗauke da daɓen kowane hawa, galibi ba shi da rami, don haka shi ma sai an yi masa ɗaya daga cikin waɗannan ukun.