Hasken Allunan Tallan Lantarki: Abin da Dokokin Birane Suka Tanada

Me ya sa ake ƙayyade hasken waɗannan alluna?

Allon da ake so ya fito sarai da tsakar rana yana buƙatar haske mai ƙarfi, nit 5,000 ko fiye. Nit shi ne ma'aunin hasken da ke fitowa daga fuskar allo. Idan aka bar shi a haka bayan faɗuwar rana, zai kashe wa direba ido, ya kuma haske ɗakunan kwanan maƙwabta. Shi ya sa birane da yawa suke tsayar da iyakar dare a nit 500 ko ƙasa da haka.

Yaya jami'i yake aunawa?

A Amurka an fi bin ƙa'idar cewa kada allo ya ƙara wa hasken wurin fiye da kimanin luks 3. Luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri. Sai duhu ya yi, jami'i ya tsaya daura da allon da na'urar auna haske. Babban allo mai ƙafa 14 a tsaye da 48 a kwance, daga nisan ƙafa 250 ake auna shi. Za a auna allon yana baƙi, a sake aunawa yana nuna fari sol, sannan a cire na farko daga na biyu. Fari ake zaɓa domin shi ne iyakar ƙarfin allon. Wanda ya auna da hoto mai duhu a maimakon fari ya yi aikin banza.

Hoton zai iya motsi?

A bakin manyan hanyoyi yawanci a'a: ba bidiyo, ba walƙiya, ba rubutu mai gudu. A 2007 hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta ba da shawarar kowane saƙo ya tsaya daƙiƙa 8, sauyawa kuma kada ta wuce daƙiƙa 1 zuwa 2.

Ina matsala ta fi faruwa?

A ƴar na'urar da ke jin hasken gari tana rage na allon da kanta. Idan fitilar titi tana dukanta, sai ta ɗauka rana ce, allon ya ci gaba da fitar da haske mai ƙarfi cikin dare. Idan ƙura ta rufe ta, sai ya dusashe da rana. Wajibi ne a riƙa goge ta, a kuma saita jadawalin lokaci a manhaja don ko-ta-kwana. Dokoki da dama suna buƙatar allon da ya lalace ya koma baƙi nan take.

Akwai inda ake kashe su ɗungurungum?

A Faransa ana kashe tallace-tallace masu haske daga ƙarfe 1 zuwa 6 na safe. Birnin Sao Paulo na Brazil kuwa ya haramta allunan tallan titi da dokar 2006.